Daga Ɗarin Garwa Zuwa Ƙanƙarar Kanada: Yadda Ake Zama da Sanyi da Tuƙi a Kan Santsi

A wata safiya ta watan Janairu, lokacin da hazo ya lulluɓe gadar Binuwai har wanda yake bakinta ba ya hango ƙarshenta, ɗan ƙanwata ya iske ni a teburin mai shayi a Garwa ta arewacin Kamaru, riƙe da takardun tafiyarsa karatu Kanada. Ya ɗora rigar sanyi a kan kaftani, ya naɗe kunnuwansa da rawani, yana hura kofin shayi. Ya ce, "Kawu, tunda dai muna jure wannan ɗari, na can ma ba zai gagara ba." Na ce masa ya jawo benci ya zauna, domin maganar ba ta tsaye ba ce. Ɗarin da ke sa mu makyarkyata a Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena yakan tsaya ne a wajen digiri 15 sama da sifiri da asuba, kuma da hantsi ya dubi ludayi sai kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. A Montiriyal, birni mafi girma a lardin Kebek na Kanada, inda na yi hunturu shida, matsakaicin ma'aunin watan Janairu yana kusa da digiri 10 ƙasa da sifiri, akwai kuma ranakun da yake gangarawa ƙasa da 25, rana tana sama tana haske tar amma ba ta ɗumama komai.

Abin da na gaya masa a ranar shi na tsara a nan, saboda yaranmu da yawa suna nufar lardin Kebek don Faransancin da suke ji, wasu kuma Faransa ko Jamus. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, wasu dabarun hunturu da na tuƙi da muka taso da su, waɗanda suke da amfani a gida, su ne kan jefa baƙo cikin halaka a can.

Ka fara da koyon karanta yanayi

A nan duban gabas ya ishe mu sanin hadari ya haɗo. A can ido ba ya isa, dole ne ka riƙa duba hasashen hukumar yanayi a wayarka kafin ka kwanta da kuma kafin ka fita. Za ka ga lambobi biyu. Ta farko sanyin iskar ce kanta, ta biyu kuma ita ce yadda fata take jin sanyin idan iska tana kaɗawa, kuma ita ce za ka yi shiri da ita. Bisa ma'aunin hukumar yanayi ta Kanada, idan lamba ta biyu ta kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifiri, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, idan kuma ta kai 40 zuwa 47, minti 5 zuwa 10 sun isa.

Abin da yake saukowa daga sama ma ba iri ɗaya ba ne. Dusar ƙanƙara da ta sauka a natse ita ce mafi sauƙi, domin ana ganinta, ana kuma kwashe ta. Idan iska mai ƙarfi ta ɗebe ta tana watsawa, abin da mutanen Kebek suke kira poudrerie, sai duniya ta zama fari fat, ta fi hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi rufe ido. Wanda ya fi su sharri shi ne ruwan sama mai daskarewa, wato verglas. Yana faruwa ne idan iskar da ke sama tana da ɗan ɗumi amma ta ƙasa tana ƙarƙashin sifiri, sai ruwa ya sauko a matsayin ruwa, da ya taɓa kwalta ko reshe ko wayar lantarki sai ya zama gilashi. A farkon Janairun 1998 irin wannan ruwa ya yi kwanaki yana sauka a kudancin Kebek da gabashin Ontariyo, a wasu wurare kaurin ƙanƙarar ya kai milimita 100, manyan turakun ƙarfe na wutar lantarki suka lanƙwashe suka zube, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu a tsakiyar sanyi, wasu har makonni, sai da aka fito da sojoji sama da 15,000 don agaji. A ranar 5 ga Afrilun 2023 ma ya sake katse wuta ga gidaje da shaguna sama da miliyan ɗaya a Kebek. Duk ranar da ka ga kalmar verglas a hasashe, ka soke duk fitar da ba ta zama dole ba.

Tufafi da kiyaye jiki

Riga ɗaya mai kauri ba ta kai uku marasa kauri ɗumi ba, domin iskar da ke tsakanin riga da riga ita ce take riƙe zafin jiki. Ta jikin fata ta kasance ta ulu ko ta zaren roba mai fitar da gumi, ta tsakiya mai taushi da kauri, ta waje kuma wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Auduga, wadda muka fi so a gida saboda zafi, tana shan gumi ta riƙe shi, sai ta koma tsumma mai sanyi a jikinka da zarar ka fito daga motar haya mai ɗumi ka tsaya a waje. Shadda da babbar riga ba su haramta ba ranar Juma'a, amma a sa su a kan kayan ɗumi. Haka mata, su sa dogon wando mai ɗumi a ƙarƙashin zane ko abaya, da hula mai rufe kunne a ƙarƙashin hijabi.

Rigar gwanjo da ka saya a kasuwar Garwa ta isa ta kai ka daga filin jirgi zuwa masauki, amma rigar gaske da takalmin gaske a can za ka saye su, kuma akwai shagunan kayan hannu masu araha. Takalmin ya kasance mai hana ruwa shiga, mai zane mai zurfi a ƙasa, kuma ya ɗan fi ƙafarka girma, domin takalmin da ya matse yana hana jini gudu, yatsu su yi saurin daskarewa. Safar hannu wadda yatsu huɗu suke zama wuri ɗaya ta fi mai rabe-raben yatsu ɗumi. Bayan alwala ka goge hannu da fuska da gemu da tsakanin yatsun ƙafa su bushe sarai kafin ka fita. Man kaɗanya yana maganin kaushi da faso da na'urar ɗumama ɗaki take jawowa, don haka ka tafi da shi, amma kada ka ɗauka yana hana fata daskarewa. A kan hanya mai santsi ka taka gajeren taku, tafin ƙafa duka a ƙasa, hannuwa a waje ba cikin aljihu ba.

Daskarewar fata tana farawa ne daga yatsu da kunne da hanci da kunci. Wurin yana yin zugi kamar ana soka allura, daga nan ya mutu, ya yi tauri kamar kakin zuma, a baƙar fata kuma yakan yi fari-fari ko toka-toka. A gida da mutum ya ji sanyi sai ya murza hannu ya kara a wuta, kuma duka biyun kuskure ne a nan, domin murzawa tana yaga naman da ya daskare, fatar da ta mutu kuma tana ƙonewa mai ita bai ji ba. A shiga wuri mai ɗumi, a cire zobe da jiƙaƙƙen kaya, a tsoma wurin cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, wanda wani mai lafiyar hannu ya gwada, har sai launi da ji sun dawo. Zai yi zafi ƙwarai yayin da yake narkewa. Idan akwai yiwuwar wurin ya sake daskarewa kafin a kai asibiti, a bar shi kada a narkar da shi tukuna.

Wanda ya fi haɗari shi ne sanyi ya ratsa cikin jiki har zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 35. Mutum yana farawa da makyarkyata mai ƙarfi, sai harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, hankali ya rikice, barci ya riƙa fizgarsa. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, lamarin ya tsananta. A kira 911, lambar agajin gaggawa a Kanada, nan take, a tuɓe masa jiƙaƙƙen kaya, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai da bargo, a motsa shi a hankali, idan kuma yana cikin hayyacinsa a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi. Don tambayar da ba ta gaggawa ba, a Kebek ana kiran 811 a yi magana da ma'aikacin jinya dare da rana.

Maganar kasko

A nan nake so a tsaya a saurara da kyau. Duk wanda ya taso a wajenmu ya san daɗin kaskon wuta a ɗakin tsohuwa da daren hunturu, yara sun kewaye shi ana gasa gyaɗa. Ɗakunanmu suna numfashi ta ƙarƙashin kwano da gefen ƙofa da tagar da ba ta rufuwa ruf, kuma duk da haka mun san masu tashi da ciwon kai bayan sun kwana da garwashi. Gidan ƙasar sanyi an toshe shi ne kamar kwalba don kada ɗumi ya fita. Gawayin da yake ci a cikinsa yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200. Alamarta ita ce ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala su kama mutanen gida gaba ɗaya a lokaci guda, sai kowa ya ce bari ya ɗan kwanta, daga wannan kwanciya kuma wasu ba sa tashi. Bayan ruwan da ya katse wuta a Afrilun 2023, an kai mutane da yawa asibitocin Montiriyal saboda sun shigar da murhun gasa nama ko janareta cikin gida.

Saboda haka, kome tsananin sanyi, ba a shigar da gawayi ɗaki, ba a dafa shayi a kan garwashi a falo, ba a buɗe murhun gas don ɗumama gida, janareta kuma yana zama a waje nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6. Ko garwashin turaren wuta, ya fi kyau uwargida ta koma kan kaskon lantarki. Ka tabbatar akwai na'urar da take yin ƙara idan wannan iska ta taru, wadda ta bambanta da ta hayaƙi, ka kuma gwada batirinta a farkon sanyi. Idan ta yi ƙara, kowa ya fita waje, sannan a kira 911.

Idan wuta ta ɗauke, a tattaru a ɗaki ɗaya, a rufe sauran, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a sa kaya a kan kaya, a bar famfo yana ɗan ɗiga don kada bututu ya daskare ya fashe. Idan gidan ya yi sanyin da yara da tsofaffi ba za su iya ba, hukumar gari tana buɗe wuraren ɗumi, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Hukumomin Kanada suna ba da shawarar kowane gida ya tanadi abin da zai riƙe shi awa 72, wato ruwan sha, abincin da ba ya bukatar dahuwa, tocila, rediyo mai batir, magunguna da ɗan kuɗi a hannu. Idan za ka zo gida hutu a lokacin sanyi, kada tsimi ya sa ka kashe na'urar ɗumama gida gaba ɗaya, domin kuɗin gyaran bututun da ya fashe ya jiƙa maƙwabcin ƙasa ya ninka na wutar da ka tsimanta. Kwasar dusar ƙanƙara a ƙofar gida kuma aiki ne mai nauyi ga zuciya, mai hawan jini ko mai shekaru ya tura ta da shebur kaɗan-kaɗan yana hutawa, ko ya bar wa yara.

Shirya mota tun kafin sanyi ya kama

Wanda ya zauna a Kebek yana iya tuƙi da lasin ƙasarsa na wata shida, daga nan sai ya nemi na SAAQ, hukumar da take ba da lasin tuƙi a lardin, kuma mai lasin Kamaru ko Cadi sai ya yi jarrabawa. Ka fara neman ranar jarrabawar da wuri.

Taya ita ce kan gaba. Robar taya ta yau da kullum tana fara taurarewa idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 7, tayar sanyi kuwa tana zama da laushinta ta kama ƙasa. Ana gane ta da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. A Kebek doka ta wajabta ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, tarar wanda ya saɓa kuma dalar Kanada 200 zuwa 300 ce. A yankunan tsaunukan Faransa wajibcin sa wa mota kayan sanyi yana daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a Jamus kuma duk lokacin da hanya take da ƙanƙara. Kada ka jira ranar doka, domin ƙanƙara ba ta duba kalanda, gareji kuma yakan cika maƙil a watan Nuwamba, don haka ka kama rana tun Oktoba. A sa duka huɗun, ba biyu ba. Mun saba sayen taya ta hannu, to idan ita za ka saya, ka auna zurfin zanenta ya kai kusan milimita 5, ka kuma duba lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar, domin tsohuwar roba ta riga ta bushe ko da zanenta yana nan. Iskar taya tana raguwa idan sanyi ya ƙaru, a riƙa auna ta kowane wata.

A gida bakanike yana zuba ruwan rijiya a lagireto ya wuce. A can ruwa zalla yana daskarewa ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa lagireto ko injin kansa, don haka sai ruwan da aka haɗa da maganin daskarewa, wanda rabi da rabi yake karewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Ruwan wanke gilashi ma ya zama mai jure 40 ƙasa da sifiri, ka kuma aje galan ɗaya a but, domin gishirin da ake watsawa a hanya yana dusashe gilashi cikin minti kaɗan. Batir yana rauni ƙwarai a sanyi, wanda ya haura shekara uku ko huɗu a gwada shi. Motoci da yawa suna da wayar ɗumama inji a gaba, wadda ake jona wa wuta awa biyu ko uku kafin tashi a ranakun tsanani. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. A but kuma a aje shebur, burushi da makankarin gilashi, bargo, safa da hula na sauyi, tocila, wayar haɗa batir, ɗan buhun yashi, dabino ko gyaɗa, da cajar waya.

Da safe, ka share motar duka, har rufinta da fitilu da lambarta, domin tulin da ka bari a sama zai zamo kan gilashinka da ka taka birki, ko ya tashi ya faɗa wa na bayanka, kuma akwai tara a kansa. Kada ka zuba ruwan zafi a gilashi, zai tsage. Ka duba bakin salansa bai toshe ba kafin ka tayar da inji, kada kuma ka bar mota tana aiki a rufaffen gareji. A Montiriyal, idan ka ga an kafa alluna masu launin ruwan lemo a layinku, za a kwashe dusar ƙanƙara ne, ka janye motarka kafin lokacin da aka rubuta, in ba haka ba a ja ta a kuma ci ka tara. Yaro kuma a cire masa rigar sanyi mai kumburi kafin a ɗaure shi a kujerarsa, a lulluɓa masa bargo ta sama.

A kan hanya

Direban da ya taɓa bin baƙar laka tsakanin Mora da Waza da damina ya riga ya san rabin karatun, domin ya san fizgar sitiyari da danna totur da ƙarfi su ne suke juya mota. Bambancin shi ne laka ana ganinta, ƙanƙarar da ta fi kisa kuwa ba a ganinta. Siririya ce, kwalta tana bayyana ta cikinta kamar an yi yayyafi. Ka yi zarginta idan hanya tana ƙyalli amma tayoyin motar gabanka ba sa fesa ruwa, ko ƙarar tayarka ta ɗauke ɗif, ko sitiyari ya yi sakwat a hannunka. Ta fi yawa idan ma'auni yana kusa da sifiri, da asuba da bayan faɗuwar rana, a inuwar gini ko itatuwa, a mahaɗar hanya inda tayoyi suka goge wurin, da kuma kan gada, wadda take riga sauran hanya daskarewa saboda iska tana bi ta samanta da ƙarƙashinta. Gishirin hanya ma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifiri.

Ƙa'idar ita ce a yi abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a hankali. Ka rage gudu tun motar tana miƙe, ka ɗaga ƙafa daga birki, sannan ka sha kwana, sai ka fita daga kwanar kafin ka ƙara mai. Gudun da aka rubuta a allo na busasshiyar hanya ne. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce nisan da mota take ci kafin ta tsaya yana iya ninkawa sau 10 a kan ƙanƙara, don haka bin gindin mota da muka saba a cunkoson gadar Ngeli ba shi da wuri a nan. Idan motar gaba ta wuce wata alama, ka ƙirga daƙiƙa 8 zuwa 10 kafin kai ka iso ta. Idan wani ya shiga tsakani, ka sake ja da baya ba tare da jin haushi ba. Ka kashe na'urar da ke riƙe gudu da kanta. Mai giyar hannu ya tashi da giya ta biyu idan taya tana sulɓewa. Kuma kada Hilux ko Land Cruiser ta ruɗe ka, jan taya huɗu yana taimaka wa mota ta tashi, amma ba ya rage nisan tsayawarta ko da taku ɗaya.

Motocin yanzu suna da birkin ABS, wanda ba ya barin taya ta ƙage ta riƙa jan ƙasa. Idan tsayawar gaggawa ta kama, ka taka da ƙarfi ka riƙe, za ka ji birkin yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka yana gurnani, wannan aikinsa ne, kada ka ɗaga ƙafa, kuma kana iya juya sitiyari a lokacin. Idan ka juya sitiyari amma mota ta ci gaba da miƙewa, tayoyin gaba ne suka saki, sai ka ɗaga ƙafa daga totur, ka ɗan sassauta juyin da ka yi, ka jira su kama, domin ƙara murɗawa ba ya ƙara komai. Idan bayan motar ne ya fara zamewa gefe, kada ka danna birki, ka kafa idonka a inda kake son zuwa, ka juya sitiyari can a hankali, ka kuma shirya mayar da shi da zarar motar ta miƙe don kada ta wulla ɗaya gefen.

A hunturuna na biyu, ina saukowa daga babbar hanya da asuba a kan gudun da bai wuce kilomita 40 ba, na taɓa birki a tsakiyar kwana. Ban ji ƙara ba, ban ji jijjiga ba, sai dai na ga fitilun da suke gabana sun koma gefena, motar tana tafiya a karkace a hankali kamar kwalekwale a Logon. Idona yana kan ƙarfen gefen hanya, kuma can na je na tsaya. Allah ya kiyaye babu kowa a bayana. Da hannuna ya daina rawa na gane cewa abin da nake kallo shi na bi. Tun daga ranar, duk farkon saukar dusar ƙanƙara nakan je filin ajiye motoci da babu kowa in gwada birki da kwana a kan ƙaramin gudu, har ƙafata ta tuna. Wanda yake da hali ya biya makarantar tuƙi ta ba shi darasin sanyi, kuɗin ba asara ba ne.

Gangara ana saukarta ne yadda direbobin manyan motoci suke saukowa daga tsaunin Ngawundere zuwa Garwa, da ƙaramar giya tun daga sama, inji yana riƙe mota. Hawa kuma ka jira na gabanka ya ƙare, ka ɗauko ɗan gudu daga ƙasa ka riƙe shi, kada ka tsaya a tsakiya. Cikin dusar ƙanƙara mai yawa ka kunna ƙaramar fitila kamar yadda ake yi a hazo, domin babbar tana dawo maka da haske a ido, ka kuma tabbatar fitilun baya suna ci. Motar share hanya kada ka wuce ta, hanyar da ke bayanta ta fi ta gabanta kyau. Kafin doguwar tafiya ka duba 511, layin waya da shafin bayanan hanya na Kebek, don sanin halin hanyoyi, ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran isa.

Idan ka maƙale

Idan taya ce take juyawa a wuri ɗaya, aikin kamar na yashi ne. Ƙara mai yana goge wurin ya zama gilashi, don haka ka haƙe gaban tayoyi da bayansu da shebur, ka miƙe sitiyari, ka zuba yashi, ka riƙa lilo da motar gaba da baya a hankali har ta fita.

Idan kuwa guguwa ce ta rufe hanya, lamarin daban ne. A watan Maris na 2017 motoci kusan 300 sun kwana a kan babbar hanya mai lamba 13 a cikin Montiriyal kanta, a Disambar 2022 kuma guguwar Bafalo a Amurka ta kashe mutum sama da 40, an sami wasu a cikin motocinsu, wasu a waje cikin dusar ƙanƙara. Ka kauce gefe gwargwadon iko, ka kunna fitilun gargaɗi, ka kira 911 ka faɗi inda kake, sannan ka zauna cikin motarka, sai fa idan kana ganin gini kusa ƙwarai da idonka, domin a cikin wannan farin mutum yana ɓata a 'yan taku kaɗan. Ka tayar da inji minti 10 a kowace awa don ɗumi, amma kafin kowace tayarwa ka fita ka share bakin salansa, ka kuma ɗan sauke gilashi a gefen da iska ba ta bugawa. Ka sauya safar da ta jiƙe, ka sa hula, ka riƙa motsa yatsun hannu da na ƙafa, ka ci dabinonka kaɗan-kaɗan, ka rage hasken waya don batir ya kai safe. Kada a ci dusar ƙanƙara don ƙishi, a narkar da ita tukuna. Ka ɗaura kyalle mai launi a jikin ƙofa don masu agaji su hango, da dare kuma ka kunna fitilar cikin mota yayin da inji yake aiki. Idan kuna da yawa, ku matsu wuri ɗaya a ƙarƙashin bargo, yara a tsakiya, ku riƙa barci bi da bi, mutum ɗaya yana farke yana duba agogo da salansa har masu share hanya su iso.